Tsohuwar bindigar soja ta rasa sashe: a nemo na asali, a sayi kwafi, ko a sassaƙa sabo?

Duk mai kula da tsofaffin bindigogin soja, ma'aikacin gidan adana kayan tarihi ne ko mai lasisin da ke tara su don sha'awa, wata rana sai ya tsinci kansa a gaban tebur, ga bindiga a kwance, ga wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba ya karye gida biyu. Masana'antar da ta ƙera shi kuwa ta rufe tun kafin a haifi mahaifinsa. Daga nan hanya ta rabu uku. Ko dai ya bi sawun na asali, wanda ya yi saura a rumbunan soja ko aka ciro daga jikin wata bindigar, ko ya sayi kwafin da 'yan kasuwa ke bugawa da yawa, ko kuma ya ɗauki karyayyen ya kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe a auna shi ciki da waje a fitar da sabo. Akwai hanya ta huɗu da ba a cika son jin ta ba, wato a bar bindigar yadda take a daina harbi da ita.

Yawancin mutane da tambayar kuɗi suke farawa, ko ta saurin samu. Ni a wurina tambayar farko ita ce: wane nauyi wannan sashen yake ɗauka a daidai lokacin da harsashi ya tashi? Harsashin .303 na Birtaniya, wanda bindigar sojanta Lee-Enfield ke ci, yana haifar da matsi da ya haura tan 3 a kan filin da bai wuce faɗin farcen yatsa ba, kuma fuskar mai harbi tana bayan wannan matsin da 'yan santimitoci kaɗan. Bututu, da uwar jikin bindiga (ƙarfen tsakiya da bututu ke ɗaure a jikinsa), da sakatar da ke rufe bayan harsashi, su ne ke tare shi. Waɗannan aji guda ne. Aji na biyu su ne sassan da ba su tare matsi amma su ke hana bindiga tashi ba da niyya ba: kunama da abin da take saki, da makari, da allurar da ke bugun gindin harsashi. Aji na uku shi ne duk sauran: sukurori, zobban da ke ɗaure katako da bututu, maƙalin maɗauri, farantin gindi, sandar wanke bututu, murfin saiti, da katakon kansa. Amsar da ta dace da aji na uku tana iya zama ganganci a aji na farko, shi ya sa ba na yarda da mai cewa hanya kaza ce ta fi a kowane hali.

Doka ma da wannan rabon take tafiya, kuma ita ce ke zuwa kafin awo. A Birtaniya bututu da sakata da uwar jiki kowanne ana lissafa shi cikin sassan da sai da izini ake mallaka, ko da an ware shi shi kaɗai. A Amurka, a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1968, uwar jikin ita ce bindigar a idon hukuma, sannan abin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ana ɗaukar sa kayan tarihi. Ƙasashe da dama kuma sun haramta ƙera ko gyara kowane sashe na bindiga ga wanda ba shi da lasisin yin hakan. Saboda haka kafin mutum ya miƙa wa mai inji ƙarfe, ya tabbata dokar inda yake ta ba shi dama, ta kuma ba mai injin. Duk abin da zan faɗa daga nan, a cikin wannan shingen yake.

Na asali shi ne zaɓina na farko a kusan kowane hali, kuma dalilin a fili yake. An yi shi da ƙarfen da hukumar sojan ta ƙayyade, an gasa shi yadda aka tsara, mai duba aiki ya gwada shi da ma'aunin masana'anta kafin ya buga masa hatimi. Ga bindigogin da aka ƙera miliyoyi, irin su Mosin-Nagant ta Rasha, da Mauser 98 ta Jamus, da Lee-Enfield, da M1 Garand ta Amurka wadda aka yi fiye da miliyan 5, har yau ana samun kayan gyaran da ba a taɓa ɗaura su ba, suna naɗe cikin takarda da daskararren man da aka adana su a ciki. Idan irin wannan ya samu, kai ƙarfe wurin mai inji ɓata kuɗi ne da lokaci.

Sai dai kalmar "na asali" tana ruɗar mutane. Suna ɗauka duk abin da ya fito daga bindiga mai suna ɗaya zai zauna a 'yar'uwarta. Lee-Enfield kaɗai ta isa misali. Samfurin SMLE Mk III na 1907 da No. 4 da ta zo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu harsashi ɗaya suke ci, amma sassansu kaɗan ne ke shiga na juna. A cikin No. 4 ɗin ma, Mk I* da aka yi a Long Branch ta Kanada da kamfanin Savage na Amurka ta bambanta da ta Ingila wajen yadda ake zare sakata, sannan Mk 2 ta 1949 an maƙala kunamarta a jikin uwar bindiga maimakon a jikin kariyar kunama. Mauser K98k ta 1935 da ta ƙarshen yaƙi ma haka: ta farko zobbanta da kariyar kunamarta sassaƙaƙƙu ne daga dunƙulen ƙarfe, ta ƙarshe kuwa daga falle aka buga su don sauri. Wani lokaci sashen zai shiga ya yi aiki, amma mai ido da ya kalla ya san ba na zamaninta ba ne.

Akwai kuma batun daidaitawa da hannu. Jamusawa ba don ado suke buga lambobin ƙarshe na bindiga a kan kusan kowane sashe ba. An daidaita sassan da juna ne a masana'anta, ana so su ci gaba da zama tare. K98k ɗin da Tarayyar Sobiyet ta kama, wargaza su ta yi ta sake haɗawa bayan yaƙi, shi ya sa lambobinsu ba su dacewa. Turawan Ingila su kuma sai suka yi wa No. 4 kan sakata mai cirewa, mai lamba 0, 1, 2 ko 3, kowanne ya ɗan fi wanda ya gabace shi tsawo, domin a daidaita ratar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi. Ratar da sojan Birtaniya ya yarda da ita tana tsakanin inci 0.064 da 0.074, wato duka bambancin kusan rubu'in milimita ne. Lambar da ke jikin kan sakatar ba ta isa shaida ba, don mai lamba 1 na wannan masana'anta yana iya kai mai lamba 2 na waccan tsawo. Dole a auna, a kuma gwada da ma'aunin rata. Wanda ya sayi sakata ta asali ya zura ya tafi filin harbi ba tare da wannan gwajin ba, bai fi wanda ya sayi jabu tsira ba.

Wani abin da ya kamata a buɗe ido a kai shi ne sassan da sojan da kansa ya yi watsi da su. Idan ka ga haruffan DP a jikin ƙarfen Lee-Enfield, ma'anarsa an ware shi don atisayen fareti kawai, ba don harbi ba. Japan ma ta yi bindigogin koyarwa masu kama da bindigar sojanta Arisaka sak, waɗanda harsashin da ba shi da kai kaɗai aka yi su su ci. Sassan irin waɗannan suna yawo a kasuwa, kuma mai sayarwa bai yi ƙarya ba idan ya ce tsofaffi ne na soja.

Kwafin kasuwa ba zan daɗe a kansa ba. Inda yake da amfani shi ne abubuwan da sojoji suka riƙa cirewa suna yarwa, har na asalinsu ya yi wuya: murfin ƙura da ƙafar jingina na Arisaka samfurin 99, ko saitin nesa da marufin gidan harsashi da aka daina sa wa SMLE tun da aka koma Mk III* a 1916, ko maɗauri da sandar wanki. A nan kwafi yana cike gurbi, bindiga ta yi kyan gani, ba a sa ran kowa cikin haɗari ba. Matsalarsa ita ce ba ka san da wane ƙarfe aka yi shi ba. Da yawa zubi ne aka narka aka kwarara a mazubi, alhali na asali bugu ne aka yi masa da zafi sannan aka sassaƙa, kuma ƙarfen zubi mara kyau yana iya ɓoye ramuka a cikinsa. Mai kwafin kuma sau da yawa daga samfuri ɗaya ya ɗauki awonsa, don haka a yi tsammanin sai an bi shi da magagari kafin ya zauna. Idan za a goge, a goge kwafin, kada a kuskura a taɓa jikin bindigar. Ƙugiyar zare kwanso ko allura ta kwafi kuwa, sai daga kamfanin da ya bayyana irin ƙarfensa da taurinsa, in ba haka ba ina gwammace in jira na asali ko da shekara zai ɗauka.

Hanya ta uku, wato sassaƙa sabo, ita ce ta fi jan hankali, ita ce kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ana ganin tunda yanzu akwai na'urar ɗaukar siffa da haske, akwai injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, ai sai a ɗora tsohon ƙarfe a danna maɓalli sabo ya faɗo. Siffa kam ana iya kwaikwayon ta fiye da kowane zamani da ya wuce. Amma abin da ke hannunka ba shi ne abin da injiniyan farko ya zana ba. Ƙarfe ne da ya shekara tamanin ko ɗari yana gugar ɗan'uwansa, tsatsa ta ci gefensa, wani soja ya taɓa murɗa shi da abin da bai dace ba. Na'ura ba ta san wannan ba. Za ta kwafo maka lalacewar da aminci, har da lanƙwasar da ta jawo karyewar tun farko.

Don haka aikin gaske ba a kan injin yake ba, a kan takarda yake. Mai aikin kirki yana auna sashen da ma'aunin maikuromita, ya auna ramin da sashen zai zauna a ciki, ya auna abokin gugarsa, sannan ya zauna ya yi tunanin abin da mai zanen farko yake nufi. Idan bindigar Ingila ce ko Amurka ka auna ka ga milimita 6.31, da wuya wani ya zana haka. Rubu'in inci ne, 6.35, wanda ya ɗan goge. Mosin-Nagant ma da ma'aunin Rasha na da aka tsara ta a 1891. Ana kiran ta mai layi uku domin layi ɗaya kashi ɗaya ne cikin goma na inci, uku kuwa su ne milimita 7.62 na faɗin bututunta, sannan saitin na farko-farko da arshin aka rubuta shi, ba mita ba. Wanda bai san da wane ma'auni aka yi tunanin bindiga ba, lambobin da zai rubuta za su yi kusa da gaskiya amma ba za su hau kanta ba.

Samfuri ɗaya kuma ba ya gaya maka rangwamen awo, wato iyakar ƙari ko ragin da aka yarda sashe ya yi kuma ya ci gaba da aiki. Mai yiwuwa wanda ke hannunka shi ne mafi ƙanƙanta da mai duba aiki ya bari ya wuce a ranar. In ka mai da shi mizani, ka kuma ƙara naka kuskuren a kai, ka fita daga iyaka ba ka sani ba. Shi ya sa nake ganin aro ya fi na'ura mai tsada amfani: a samo uku ko biyar daga hannun masu irin bindigar a auna duka. In kuma zanen masana'anta yana nan, ya fi komai. Sassan Garand da yawa suna ɗauke da lambar zanensu a jiki, kuma zanen bindigogin sojan Amurka da dama ya tsira. Ga wasu bindigogin kuwa babu abin da ya rage sai ƙarfen.

Sukuru, wanda kowa ke rainawa, shi ne ya fi kayar da masu gyara. Zaren sukurun zamani na mita da na Amurka kusurwarsa digiri 60 ce. Na Whitworth, wanda aka tsara a Ingila a 1841, digiri 55 ne. Na BA, wani tsarin zaren na Ingila wanda No. 4 ke amfani da shi a ƙananan sukurorinta, digiri 47.5 ne. SMLE kuwa da yawan sukurorinta zaren masana'antar Enfield ne na kanta, ba ya cikin kowane jadawalin kasuwa. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya samo sukurun da ya yi kama, ya murɗa sau biyu ya shiga, a na uku ya cije, sai ya ƙara ƙarfi. Sukurun da ya ɓata abu ne mai sauƙin maye, amma zaren da ke cikin uwar jiki in ya tsinke, an yi wa bindigar tabon da ba ya gogewa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. A nan ne mai injin juya ƙarfe yake da ranarsa: yana iya yanka zare kowane iri a kan sukuru guda, ya gwada a hankali, har ya shiga da yatsa ba tare da tilas ba. In da za a tambaye ni sashe ɗaya da sassaƙa ta fi kwafin kasuwa a kansa nesa ba kusa ba, sukuru zan ce.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a fara da tambayar nauyi. Akwai abin da ma'auni ba ya gani, shi ne halin ƙarfen a ciki: yawan kabon da ke jikinsa, da irin gashin da aka yi masa, da yadda aka sanyaya shi. Ƙarafa biyu suna iya zama ɗaya a ido da sikeli, ɗaya ya yi shekara hamsin yana aiki, ɗaya ya fashe a harbi na goma. Kama da wane ba ta wane.

Tarihin Springfield M1903 ya isa wa'azi. Ba 'yan koyo suka ƙera ta ba, masana'antun gwamnatin Amurka ne a Springfield da Rock Island, da zanensu da ma'auninsu cikakku. Amma a shekarun farko da ido ma'aikata suke kimanta zafin ƙarfe, suna duban launinsa a wuta, kuma launi yana sauyawa da hasken rana. Wasu uwayen jikin sun ƙone sun zama masu gautsi, wasu suka tarwatse a hannun sojoji. Sai a 1918 aka sauya tsarin gashin bayan an kawo na'urorin auna zafi. Har yau ana gargaɗin kada a yi harbi da na Springfield masu lamba ƙasa da 800,000 da na Rock Island masu lamba ƙasa da 285,507, domin babu yadda za a ware mai kyau da mara kyau ta hanyar kallo. Awonsu daidai yake ƙwarai. Abin da ya lalace ba ya aunuwa da maikuromita.

Ta ɗaya gefen kuma ga maƙeran yankin Khyber, musamman garin Darra Adam Khel na Pakistan, waɗanda suka shahara da kwaikwayon bindigogin Birtaniya Martini-Henry da Lee-Enfield da hannu, da magagari da haƙuri. Gwanintarsu abar girmamawa ce, don sukan kwafi har hatimin sarauta. Ana gane aikinsu ne da harafin N da ya juya baya, ko tambarin Sarauniya Victoria a kan shekarar da ta zo bayan rasuwarta a 1901. Amma ƙarfen duk wanda ya samu ne, sau da yawa mai laushi, shi ya sa masana ke hana harba su da harsashin masana'anta. Wannan shi ne kwaikwayon siffa a ƙololuwarsa, kuma iyakarsa ke nan.

Ana iya binciken halin ƙarfe, ba wai ba a iyawa ba. Gwajin tauri na Rockwell yana barin ɗan ɗigo a jiki ya ba ka lamba. Sai dai tsofaffin sassa da yawa, har da na Mauser, fatarsu kaɗai aka taurara aka bar cikinsu da laushi don kada su karye, kuma gwajin da bai dace ba zai huda fatar ya ba ka lambar da ba ta bayyana ko ɗaya daga cikin biyun. Na'urar hannu mai haska ƙarfe ta faɗi sinadaransa tana ganin kuromiyam da nikel, amma ba ta ganin kabon, wanda shi ne jigon maganar. Mai ganin kabon sai ta ƙona ɗan wuri. Sanin zurfin taurin kuwa sai an yanka samfurin an duba shi a madubin ƙara girma, wato sai ka sadaukar da na asali guda. Duk wannan kuɗi ne, kuma ga sashe ɗaya tak ya kan ninka kuɗin sassaƙar kanta. Ƙarafan zamani irin su 4140 da 8620 sun fi na da tsabta, wannan gaskiya ne, amma ƙarfe mai kyau da gashi mara kyau bai tsinana komai ba. Tauri fiye da kima ma illa ne: sabon sashe in ya fi abokin gugarsa tauri, shi zai riƙa cin tsohon, ka wayi gari ka ceci abu mai sauƙin samu ka kashe mai wuya.

Saboda haka ga inda na tsaya. A aji na farko, sakata da uwar jiki, ba na ganin dalilin da zai sa mai tara kayan tarihi ya sa a sassaƙa masa. In na asali mai lafiya ya samu, ƙwararren mai lasisi ya ɗaura ya gwada rata ya duba tsagewa. In bai samu ba, bindigar ta gama aikinta na harbi, ta koma abin kallo da nazari, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Bututu ya ɗan bambanta, domin akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kuma a ƙasashen da ke bin tsarin CIP, hukumar ƙasa da ƙasa ta gwajin bindigogi, sai an kai bindigar gidan gwaji an harba ta da harsashi mai matsi fiye da na kullum kafin a buga mata hatimi. Gidan gwaji na Birmingham tun 1813 yake wannan aikin. Walda a jikin sakata ko uwar jiki kuwa a manta da ita, don zafinta yana rushe gashin da aka yi wa ƙarfen a wurin da ido ba zai nuna maka ba.

Aji na biyu shi ne mai wahalar hukunci. Na asali ne gaba, nesa. In ya gagara, ana iya sassaƙawa, amma a hannun wanda gyaran bindiga ne aikinsa, ba kowane mai inji ba, ko da ya fi kowa iya awo. Mai inji na gari zai ba ka abin da ka zana daidai. Ba lallai ya san cewa ɗan gefen da bai kai kaurin takarda ba shi ne ke tsakanin bindigar da ke jiran yatsa da wadda za ta tashi don an buga gindinta a ƙasa.

A aji na uku kuwa sassaƙa tana da faɗin fili, wani lokaci ma ita kaɗai ce hanya. Bindigogin da aka yi kafin sassa su zama masu musanyuwa, ko aka yi su da hannu kamar Gahendra ta Nepal, ko na asalin ka samu ba lallai ya zauna ba, don kowacce da nata awon. A irin wannan, sashen da aka auna daga jikin ita bindigar ya fi wanda aka ciro daga wata. Dabarar da na ga tana rage asara ita ce a fara buga samfurin roba da firinta mai fitar da siffa, a gwada zamansa, a gyara zane, sannan a taɓa ƙarfe. Roba ba ta gaya maka ƙarfi, amma tana gaya maka ko rami ya hau kan rami.

Maganar kuɗi tana da siffa ɗaya ko'ina. A sassaƙa, sashen farko da aka fitar shi ne ke ɗauke da kuɗin awo da zane da shirya inji da abin riƙe aiki. Na biyu zuwa na ashirin kusan kuɗin ƙarfe ne da 'yan mintuna. Mutum ɗaya mai neman zobe ɗaya zai ji tsada har ya yi mamaki. Mutum goma masu irin bindigar in suka haɗa kai, sai abin ya sauko ƙasa da farashin na asali mai wuyar samu, kuma ga samfura goma na aunawa sun samu a tafi ɗaya. Lokaci kuwa ba ya bin ƙa'ida: kwafi yana zuwa cikin kwanaki, sassaƙa makonni, na asali yana iya zuwa gobe yana iya ɗaukar shekaru.

Sai darajar bindigar a matsayin shaidar tarihi, wadda ni ita ta fi damuna. Wadda lambobinta suka dace duka, duk sashen da aka sauya mata ya rage mata wani abu, ko da na asali ne daga wata. Wadda dama haɗe-haɗe ce daga rumbun soja ba ta da wannan asarar, ana iya sake mata hannu. Wadda aka kashe don nuni kawai, kwafi ya wadatar da ita. Amma a kowane hali akwai iyakar da ba na son a ƙetare: buga wa sabon ƙarfe tsohon hatimi. Ana sayar da tambarin mikiyar masu duba makaman Jamus da kambin Ingila, ana kuma tsufar da ƙarfe da sinadari har ya yi kamar ya ga yaƙi. Mai yin haka yakan ce don kyan gani ne, shi ba zai sayar ba. To amma bindigar za ta fi shi daɗewa a duniya, kuma wanda zai gaje ta ko ya saye ta ko ya yi nazari a kanta bayan shekara arba'in ba shi da hanyar sanin gaskiya.

Abin da masu aikin adana kayan tarihi ke yi ya fi dacewa a bi. Sabon sashe a yi masa 'yar alama da shekarar da aka yi shi a gefen da ke ɓoye idan an haɗa bindigar. Kada a huda sabon rami ko a faɗaɗa tsoho don sabon ya zauna, ta yadda ranar da na asali ya samu za a cire wannan a mayar da wancan ba tare da tabo ba. Karyayyen kuma kada a yar da shi. A sa shi a ambulan tare da zanen da aka yi, da sunan ƙarfen da aka yi amfani da shi, da lambar taurinsa in an gwada, a ajiye su wuri ɗaya da takardun bindigar, su bi ta duk hannun da ta koma.